Abin da Inna Ta Ce

"Tafinta! Ke Tafinta, zo ki ji me take faɗa!"

Da wannan kiran ake tashi a gidan Bakanike, da shi ake wuni. Tun da ɓarin jikin Inna, mahaifiyarsa, ya shanye, bakinta ya karkace, maganarta ta koma wani gurnani mai haɗe da yawu, duk gidan aka taru aka ce ba a ganewa. Mutum ɗaya ce ke ganewa, 'yar Bakanike, yarinya 'yar shekara goma sha biyu mai siraran hannuwa. Sai ta durƙusa gaban gadon kakarta, ta zuba mata ido, sannan ta juyo ta ce, "Cewa ta yi matashin ya yi tudu," ko kuma, "Ƙafarta ke mata ƙaiƙayi, ta hagun." A gyara, Inna ta lumshe ido. Da wasa aka fara ce mata Tafinta, wasan ya bi ta har ya cinye sunanta na gaskiya.

To, ba a nan aikin ya tsaya ba. Tunda ita ke jin Inna na son fo, ita ke kawo fon, ita ke zubarwa. Tunda ita ke jin an ce zanen gado ya jiƙe, ita ke cirewa ta wanke. Ita ke ba da shayi cokali-cokali, ita ke juya tsohuwar in ta gaji da kwanciya. Abin ya yi ta tafiya lami lafiya saboda firamaren su Tafinta a bayan layinsu take. Ana buga ƙararrawar tara sai ta sheƙo gida ta duba kakarta, ta koma aji tana haki, da azahar kuma an tashe su. Babu wanda ya taɓa zama ya tambayi kansa ranar da firamare za ta ƙare.

Shi kuwa Bakanike, a layin garejinsu kunnensa ake yabo. Mota za ta shigo tana tari, bai ko buɗe bonet ba zai ce wa mai ita, "Ba ta wuta." Ya karkatar da kai, ya runtse ido ɗaya, ya saurara, ya ce, "Fulogi ne." A buɗe a tarar haka ne. Har tsokanarsa maƙwabtansa suke yi, wai ko sauro ne ya wuce ya san fiffiken da ke masa ciwo.

Yana kwance ƙarƙashin wata tsohuwar mota malamar ajin su Tafinta ta yi sallama. Ya fito yana goge baƙin mai da tsumma.

"Baban yarinya, albishir na kawo," in ji Malama. "'Yarka ta ci jarrabawar shiga sakandare, ba kuma ci na wasa ba. Makarantar 'yan mata ta ƙetaren gada ta ba ta gurbi."

Bakanike ya rasa inda zai ajiye tsumman don murna.

"Abin da ya rage naka ne," ta ci gaba. "Ka ɗauke ta ka kai ta su gan ta, su yi mata 'yan tambayoyi, ka sa hannu, shi ke nan. Amma don Allah kada ka yi sanya. Masu jira sun fi masu gurbin yawa. In aka buɗe makaranta ba su gan ta ba, wata za su ba."

"Haba Malama! Gobe-goben nan za mu je."

Ranar har lemo ya saya wa mai faci da mai walda, yana ta faɗa wa duk wanda ya tsaya cewa 'yarsa ƙwaƙwalwarsa ta ɗauko.

Da yamma matarsa ta dawo daga gidan burodin da take aikin ɗaurin leda, ƙafafunta sun kumbura don tsayuwa. Ta zauna a bakin ƙofa tana cire takalmi, ya ba ta labari.

"Madalla," ta ce, fuskarta ta yi haske na ɗan lokaci. Sai ta dube shi. "To, Maigida, wa zai zauna da Inna?"

Ya sosa ƙeya, ita kuwa ta ci gaba.

"Makarantar nan fa bas biyu ake hawa. In ta fita da sassafe sai yamma liƙis. In bar aiki mu ci me? Ko kai za ka rufe gareji? Kuma ko na zauna ma, ni ba jin yaren Inna nake yi ba."

"Ai ba ni kaɗai ta haifa ba," in ji shi. "Zan kira su Yaya mu zauna."

Tafinta tana bakin famfo tana matse zanen gado. Ta ji farkon maganar, ta ji ƙarshenta. Ta shanya zanen ta shige ɗakin kakarta.

Goben da aka yi wa Malama alkawari ta zo ta wuce, don Yaya sai ranar hutu yake samun sarari. Ya zo da tumbinsa da makullin mota a yatsa, ƙanwarsa da kowa ke kira Gwaggo ta biyo shi da jakar lemun zaƙi. Bakanike shi ne autansu, Auta kuma suke ce masa har yanzu, ga furfura a gemunsa. A ɗakin Inna aka zauna, wai don a gaishe ta, aka kuwa shiga maganarta a gabanta kamar ana maganar kujera.

"Ni ka san a hawa na uku nake, Auta," in ji Yaya. "Wa zai riƙa hawa da Inna yana saukowa? Ga matata da ciwon baya, likita ya hana ta ɗaukar ko bokiti."

"Ni kuwa gidan miji nake," in ji Gwaggo. "Kun dai san halin mutumin nan. Kuma shago wa zan bar wa?"

"To a samo mai kula da ita," Bakanike ya faɗa a sanyaye.

Gwaggo ta taɓe baki. "An manta waccan da aka kawo? Inna na neman ruwa tana lulluɓa mata bargo. Bare ba zai iya da Inna ba. Allah ya riga ya ba mu mai iyawa a cikin gida, sai mu tsaya neman wahala?"

Yaya ya gyara zama, ya ɗauko muryarsa ta ofis. "Ku saurara. Karatu ba guduwa yake yi ba. Yarinya ƙarama, shekara ɗaya me za ta rage ta da shi? Lada ma take kwasa, ladan da mu muke nema ba mu samu ba." Ya ɗan rage murya, ragewar da ba ta hana kowa ji. "Kuma tsakani da Allah, wa ya san abin da ya rage wa tsohuwar?"

Nan fa Inna ta ɗaga hannunta mai lafiya ta bugi ƙarfen gado. Ta sake bugawa. Jijiyar wuyanta ta tashi, ta yi ta kokawa da harshenta har maganar ta fito, a ja, a karkace, yawu na bin haɓarta. Ta maimaita, tana nuna jikarta da yatsa, tana nuna ƙofa.

"Tafinta, me take cewa?" in ji Yaya.

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

"Da ke ake magana!"

"Cewa ta yi a kai ni makaranta."

Gwaggo ta tafa hannu ta kwashe da dariya. "Lallai yarinyar nan! Ashe tafintan namu ya fara ƙara gishiri! Gobe kuma sai ki ce Inna ta ce a saya miki mota."

Kunya ta kama matar Bakanike a gaban dangin miji. Ta miƙa hannu ta murɗe kunnen 'yarta. "Don ubanki, ƙarya za ki yi wa tsohuwa a kan gadon ciwo? Haka na koya miki?"

"Wallahi Mama, haka ta ce."

Yaya ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya juya ga ƙanensa yana murmushi. "Auta, kai ne mai kunne a gidan nan. Haka ka ji?"

Ya ji. Sarai ya ji. Muryar da ta raine shi ce, muryar da ta kira shi cin abinci tun bai san sunansa ba, ciwo ya lanƙwasa ta amma bai sake ta ba. "Ku kai ta makaranta," haka Inna ta ce, ya ji tun a faɗin farko. Amma a daidai lokacin sai ya hango kansa ya rufe gareji da rana tsaka, ya hango kansa riƙe da fo, ya hango faɗan da zai yi da Yaya wanda bai taɓa yi wa musu ba tun suna yara. Ya hango cewa in ya yarda yana ji, to daga yau shi ma mai ji ne, aikin mai ji kuwa ya san shi. Ya dubi bango.

"Ni ina zan gane?" ya ce. "Injin na sani."

Aka yi dariya. Yaya ya yanke hukunci cewa a ɗan dakata a ga yadda jikin Inna zai yi, Gwaggo ta ɓare lemu ta miƙa wa kowa. Tafinta tana riƙe da kunnenta, ba ta kalli mahaifiyarta da ta murɗe shi ba, ba ta kalli Gwaggo ba. Mahaifinta ta kalla, ba ta daɗe ba kuma ta ɗauke ido.

Daga ranar gaisuwar safe ta zame wa Bakanike azaba. Yana shiga ɗakin sai Inna ta cafke wuyan hannunsa da hannunta mai lafiya, ta maimaita masa maganar nan, idonta cikin nasa. Shi kuwa sai ya ce, "Sannu Inna, Allah ya ƙara sauƙi," ya zare hannunsa a hankali. Da abin ya ishe shi ya koma gaishe ta daga bakin ƙofa. Daga baya ma sai ya riƙa fita tun ba ta farka ba, wai aiki ya yi yawa. Kullum da uzurin da yake ba kansa a hanya: bari wannan makon ya wuce, bari in sallami motar mutumin nan, bari in sake tuntuɓar Yaya. Da Malama ta dawo gareji nemansa, ya hango ta daga nesa, ƙato da shi ya shige ƙarƙashin mota ya ja ƙafafunsa ciki, ya sa mai faci ya ce ya tafi sayen kayan gyara. Yana kwance yana kallon takalminta har ta gaji ta tafi. Wallahi ranar ya tsani kansa, amma tsanar ba ta fito da shi ba.

Ita kuwa Tafinta, abin da aka yi mata a ɗakin nan bai tsaya a ɗakin ba. Sunan maƙaryaciya ya manne mata. In ta ce Kaka na son a ƙara madara a shayi, sai mahaifiyarta ta ce, "Ita ko ke?" In ta ce Kaka ta ce a buɗe taga, sai a ce ai ita ce ke son leƙen titi. Sannu a hankali yarinyar ta daina faɗin komai sai ruwa, sai fo, sai a juya ta. Da can in Inna ta yi barkwancinta na tsofaffi, Tafinta kan kwaso shi da dariya ta kawo tsakar gida. Wannan duk ya mutu.

Aka buɗe makarantu. Da safe 'yan ajinsu ke wucewa ta gaban gidan da sababbin kayan makaranta, takalma na ƙara, jakunkuna sun fi bayansu faɗi. Da farko sukan tsaya su kira ta, "Yaushe za ki fara zuwa?" ta ce musu sai an gama ɗinka kayanta. Da ta gaji da wannan amsar sai ta riƙa sakin labule tun kafin su iso. Tunda yanzu babu firamare, aka ga ai tana gida, sai wankin gidan gaba ɗaya ya dawo kanta, da shara, da ɗora tukunya kafin Mama ta dawo. Sabulu ya tsattsage mata yatsu. Ɗaga Inna ya sa ta fara tafiya a ɗan karkace, hannu ɗaya dafe da ƙugu kamar mai shekara hamsin. Littattafanta na aji shida da ta jera a kan taga tana bita, wata rana Bakanike ya ga babu su, bai kuma iya tambayar inda suka tafi ba.

Sai kuma Inna ta yi shiru.

Shiru na gaske, ko uffan. Tsohuwa ta yi nata tunanin a kwance: tunda saboda bakinta aka tsare yarinya, to ta rufe bakin, a ga abin da za a fassara. Ta kuma daina karɓar abinci daga hannun jikarta. In Tafinta ta kawo cokali sai ta datse haƙora ta juya fuska bango, hawaye na gangara cikin kunnenta. Baiwar Allah, ita a ganinta taimako take yi. Ba ta san a kan wa abin zai faɗo ba.

"Me kika yi mata?" in ji matar Bakanike. "Tsohuwa ba ta ƙin abinci haka kawai."

Gwaggo da ta zo dubiya ta ɗaga hannun rigar Inna tana neman shaidar mintsini. "Yaran yanzu ba su da imani. Don an ce ki jira shekara ɗaya shi ne za ki huce a kan kakarki?"

Tafinta ba ta kare kanta ba. Wa zai yarda? Inna ta rame, fatar bayanta ta fara saɓulewa don kwanciya, ya zama sai an riƙa juya ta a kai a kai. Da can tana faɗa kafin ta ɓata shimfiɗa, yanzu sai dai a tarar. Wanki ya ninku. Bakanike yana ganin duk wannan, yana kuma sane da dalilin shirun mahaifiyarsa fiye da kowa, don shi aka yi wa shirun. A gareji ma kunnen da ake yabo ya fara ba shi kunya. Ya sa wani ya sayi fanbel, wato bel ɗin inji, alhali ba shi ne ya lalace ba, mutumin ya dawo ya zazzage masa rashin mutunci a gaban jama'a. Mai walda ya ce ko dai tsufa ne ya fara taɓa kunnen, Bakanike ya yi yaƙe ya ce ƙila.

Wata rana da hantsi ya koma gida ɗauko wata sifana da ya manta. Ya tarar da tukunya na ƙonewa a kan wuta, tsakar gida babu kowa. Ya leƙa ɗakin Inna.

A ƙasa ya same su. Tafinta ta ɗaga kakarta daga kan fo za ta mayar da ita gado, ƙafarta ta zame, suka faɗi tare. Tsohuwar ta danne ta daga ƙirji zuwa gwiwa, fon ya kife, ya jiƙa su duka biyun. Yarinyar ta sa tafin hannunta ƙarƙashin kan Inna don kada ya taɓa siminti, ta kwanta haka tana kallon rufi. Ba ta kuka, ba ta kiran kowa.

"Innalillahi! Tun yaushe kuke nan?"

"An ɗan jima, Baba."

"Me ya hana ki yin ihu?"

"Babu kowa a gidan."

Ya sunkuya ya ɗauki mahaifiyarsa. Tun da ta kwanta ciwo bai taɓa ɗaukarta shi kaɗai ba, sai ranar. Duk ramar da ta yi, sai da bayansa ya amsa, shi da ke ɗaga giyar mota. Wannan nauyin 'yarsa ke ɗagawa safe da rana da yamma. Ya kwantar da Inna, ya tsaya yana haki, kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa.

"Je ki wanke jikinki," ya ce. "Ki sa kayanki masu kyau da takalmi."

Ya fita ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciyarsu, wata dattijuwa da 'ya'yanta suka watse suka bar ta ita kaɗai. Yana ta kame-kame, ko za ta taimaka ta ɗan zauna da Inna zuwa yamma.

"Haba ɗan nan, wannan har sai ka roƙa?" ta ce tana jawo mayafinta. "Ni da nake wuni ina hira da bango? Ai da kun faɗa tun tuni."

Wannan maganar ta fi zagin mai fanbel yi masa ciwo.

Suka hau bas, suka sauka, suka hau na biyu, suka ƙetare gada. Bai ko sake kayan aikin da ke jikinsa ba. A ƙofar makarantar mai gadi ya nuna musu ofishin shugaba, suka bi ta gaban azuzuwa, muryoyin 'yan mata na tashi suna maimaita karatu. Tafinta tana tafiya tana ƙoƙarin miƙe bayanta, ta ɓoye hannuwanta cikin mayafi.

Shugabar ta saurare shi har ya gama, sannan ta cire tabarau ta ajiye.

"Na san da zancen yarinyar nan," ta ce. "Malamarta ta yi ta zarya a nan tana roƙo, na riƙe mata gurbin har bayan an fara karatu. Da na ga shiru na ba wata. Yanzu har an yi gwajin farko. Me ya tsare ku?"

"Rashin lafiya ne, ranki ya daɗe."

"Ita yarinyar?"

"A'a. Kakarta."

Shugabar ta dubi Tafinta, ta dubi yadda take tsaye a karkace, ta dube shi. Da wannan kallon gara ma da ta zage shi.

"Ko a tsaye ne, ranki ya daɗe," in ji Bakanike. "Ko a bayan aji. Ni zan haɗa mata benci da hannuna."

"Ba benci ne matsalar ba, malam. Ba ni da ikon ƙara ko mutum ɗaya. Sai dai ta sake zana jarrabawa baɗi, in firamarensu sun yarda su mayar da ita aji shida."

Ya yi godiya, bai san ta mece ce ba. Suka fito ta gaban azuzuwan nan dai. Wata 'yar layinsu ta hango Tafinta ta taga ta ɗaga mata hannu da murna, tana tsammanin an kawo ta ke nan.

A bas ɗin dawowa suka samu kujerar baya. Ya yi ta juya magana a bakinsa har suka hau gada.

"Baɗi da kaina zan kawo ki," ya ce. "Ranar farko. Kin ji ko?"

"To, Baba."

"Abubuwa ne suka taru suka yi yawa. Kuma kin ga ranar nan, da a ce mun tabbatar da abin da Inna ta faɗa..."

Ta juyo ta dube shi. Babu fushi a fuskarta, da ma akwai da ya fi sauƙi.

"Baba, ni fa ba da kunne kaɗai nake gane maganar Kaka ba. Fuskarta nake kallo." Ta mayar da idonta kan taga. "Ranar nan na kalli taka."

Bas na ta tafiya, kwandasta na ta kiran unguwanni. Injin bas ɗin na wani ɗan ƙara a ƙasa-ƙasa, Bakanike ya san abin da ke damun injin tun da suka shiga, sanin bai amfane shi da komai ba.

Kowa a gidan nan yana da hujja, kuma kowace hujja in ka ɗauke ta ita kaɗai sai ka ce gaskiya ce. Bene na da tsawo, miji na da hali, aiki ba a barinsa. Manya huɗu masu lafiya, kowa ya kare bayansa da kasuwarsa da barcinsa, aka tattara abin da ya gagare su aka ɗora wa yarinyar da ba ta da bakin cewa a'a, aka kuma sa masa suna lada. Yaya bai sani ba, ko ya ce bai sani ba. Gwaggo ba ta damu ta sani ba. Amma mutum ɗaya ya sani, kalma biyu kawai aka nema a bakinsa, "na ji," ya hana 'yarsa su.

Suka iso gida rana ta yi sanyi. Matarsa ta dawo tana tsakar gida tana kankare tukunyar da ta ƙone, maƙwabciya ta yi musu sallama ta tafi. Inna tana kwance an sake mata zane, idonta a kan ƙofa. Ta dubi takalmin jikarta, ta dubi fuskarta, ba ta buƙaci a gaya mata ba.

Bakanike ya durƙusa a gaban gadon. Tsohuwar ta daɗe tana kallonsa. Sannan bakin da ya yi makonni a rufe ya motsa, maganar ta fito a ja, a karkace, amma kowace kalma ta iso kunnensa daram.

"Auta. Ka cuce ta."

Daga tsakar gida matarsa ta ɗaga murya. "Lah, Inna ce ta yi magana? Tafinta! Me take cewa?"

Yarinyar tana tsaye ta riga ta cire takalmin, ta ninke mayafinta mai kyau, ta ɗauki bahon wanki ta ɗora a ƙugu. Ta dubi kakarta, ta dubi mahaifinta, ta ɗan jira.

Bai ce komai ba.

"Ruwa take so," in ji Tafinta.

Bakanike ya tashi ya je ya ɗebo ruwan.